Dire Straits: yadda ƙungiyar abokai huɗu ta koma ta mutum ɗaya

Yau za mu ɗan ajiye labaran gida mu leƙa Ingila, ko da yake tafiyar ba ta kai nisan da wasu za su zata ba. Duk wanda ya taɓa sauraren kiɗan gitar Abzinawa, a wurin biki ne ko a waya, to ya ɗanɗani wani abu daga hannun wani Bature mai suna Mark Knopfler, ko da bai taɓa jin sunan ba. Bombino, ɗan Agadas ɗin nan da ya zagaya duniya da gitarsa, ya sha faɗi cewa lokacin da yake yaro yana zaman gudun hijira a Aljeriya da Libiya, bidiyon Jimi Hendrix da na Mark Knopfler suke kallo shi da abokansa, suna ta maimaitawa har yatsunsu su kama. Ƙungiyar wannan Knopfler ɗin ita ce Dire Straits. Tarihinta muke son bi yau, musamman ta wajen masu shiga da masu fita, domin in aka jera sunayen waɗanda suka kaɗa a cikinta daga 1977 zuwa 1995, abin da ke fitowa fili shi ne, duk lokacin da ta hau wani sabon mataki na ɗaukaka sai ta bar wani nata a ƙasa.

Abin ya faro ne a Deptford, wata unguwar talakawa a kudu maso gabashin Landan, cikin gidan haya irin wanda hukuma ke ginawa masu ƙaramin ƙarfi. Mutum biyu ke zaune a ciki: David Knopfler, ma'aikacin jin daɗin jama'a, da abokinsa John Illsley, ɗalibin jami'a mai kaɗa gitar bas. Sai yayan David, wato Mark, ya riƙa zuwa yana kwana, daga baya ya tare gaba ɗaya. An haifi Mark a Glasgow a 1949, ya girma kusa da Newcastle a arewacin Ingila. Mahaifinsu Bayahuden Hangari ne mai zanen gine-gine, wanda ya gudo Birtaniya a 1939 gab da yaƙin duniya na biyu. Kafin kiɗa ya ciyar da shi, Mark ya yi aikin jarida a Leeds, ya karanta adabin Ingilishi a jami'ar garin, sannan ya zama malamin koyarwa. Wato ba yaro ba ne sa'ad da aka kafa ƙungiyar, shekarunsa sun kusa 28. Na huɗunsu shi ne mai ganguna, Pick Withers, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ya daɗe yana cin abinci da kiɗa, don ya yi shekaru ana ɗaukarsa haya a sutudiyo.

Sunan da suka fara wasa da shi Café Racers ne. Wani abokin Withers ya dubi halin da suke ciki ya ba su shawarar Dire Straits, wanda a Ingilishi ke nufin matsanancin hali, irin na wanda aljihunsa ya bushe ƙaf. Suka karɓa. Ku riƙe ma'anar sunan nan, don shekara takwas bayan haka babu ƙungiyar da ta fi su kuɗi a Birtaniya sai ƙalilan.

A 1977 suka harhaɗa kimanin fam 120 suka ɗauki waƙoƙi biyar a kaset na gwaji, suka kai wa Charlie Gillett, mai gabatar da shiri a gidan rediyon BBC na Landan. Shawara kawai suka je nema. Shi kuwa da ya saurara sai ya sa waƙar Sultans of Swing a shirinsa, kamfanonin faifai suka fara bugo waya. Abin mamakin shi ne lokacin da hakan ya faru. A Landan ta 1977 salon da ake kira punk ne ke tashe, kiɗan samari masu fushi, mai ƙara da ihu, wanda ba ruwansa da iya gita. Su kuwa waɗannan suka zo da kiɗa mai sanyi, har ana cewa sukan roƙi a rage ƙarar lasifika don mutane su iya hira. Mark bahago ne amma da dama yake kaɗawa, kuma ba ya amfani da ɗan ƙaramin makaɗin roba da mafi yawan masu gitar lantarki ke riƙewa. Da fatar yatsunsa yake tsinkar tsirkiya. Shi ya sa sautinsa ke fita tas, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai magana. Wanda ya saba jin garaya ko molo ba zai ji shi baƙo ba, kuma a ganinmu wannan na cikin dalilan da suka sa kasetsa ya samu karɓuwa a Sahara.

Faifansu na farko ya fito a 1978, an kashe masa fam 12,500 kacal. A gida Ingila bai yi wani tasiri ba da farko. Holan ce ta fara karɓarsa, sai Jamus da Ostiraliya, sannan Amurka, inda Sultans of Swing ta kai ta 4 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a 1979. Sai a lokacin ƴan Ingila suka farga da abin da ke gidansu. A shekarar ne suka fitar da faifai na biyu, Communiqué, wanda aka ɗauka a tsibirin Bahamas, kuma a shekarar ne Bob Dylan ya gayyaci Mark da Withers su kaɗa masa a nasa faifan, Slow Train Coming. Ku lura, mutum biyu aka gayyata cikin huɗu.

Nan fa aka fara jin ƙamshin rigima. A takarda ƙungiyar ta mutum huɗu ce, amma Mark ke rubuta waƙoƙi, shi ke rerawa, shi ke jan gita, shi ƴan jarida ke nema. David ma yana rubuta waƙa, kuma a nasa lissafin tare aka kafa abin, kowa na da baki a ciki. Ga shi kuma ƙane ne. Mu da muka tashi a gidajen da ake haɗa wa da ƙane a shago ɗaya ko mota ɗaya, mun san yadda wannan ke ƙarewa in ba a yi hattara ba: gyaran da baƙo zai yi maka ka ce na gode, in yayanka ya yi maka shi a gaban mutane sai ya zama raini. A 1980, ana tsakiyar ɗaukar faifai na uku, Making Movies, a Niyok, saɓanin ya kai inda ba ya gyaruwa. David ya tattara kayansa ya koma Ingila. Aka sake kaɗa wuraren da ya riga ya kaɗa, faifan ya fito babu sunansa ko'ina. Wannan share suna, a wurinmu, ya fi fitar tasa ciwo. Harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma a goge aikin mutum kamar bai taɓa zuwa ba, wannan wani abu ne daban. David ya ci gaba da fitar da nasa faya-fayan tun daga 1983, har Mark ya kaɗa masa a na farkon, sai dai dangantakarsu ba ta sake komawa yadda take ba.

Gaskiyar da ba za mu ɓoye ba ita ce, Making Movies ya fi na bayansa kyau. Aka ɗauko Roy Bittan, mai piyanon Bruce Springsteen, kiɗan ya yi faɗi, waƙoƙin suka yi tsawo. A ciki ne Romeo and Juliet da Tunnel of Love suke. Wato fitar ƙanen ta buɗe wa yayan hanya, kuma wannan darasin ne Mark ya riƙe har ƙarshe: in sautin da yake ji a kansa na bukatar wani hannu, zai nemo shi, ko wa zai tashi.

Don yawon wasa aka ɗauki sababbi biyu, Alan Clark a piyano da Hal Lindes, Ba'amurke, a gita ta biyu. Da su aka yi Love over Gold a 1982, faifai mai waƙoƙi biyar kacal, ɗaya daga ciki, Telegraph Road, ta haura minti 14. Wata waƙar da Mark ya rubuta a lokacin ya ga ba ta dace da muryar namiji ba, ya ajiye ta. Ita ce Private Dancer da Tina Turner ta rera a 1984 ta farfaɗo da sunanta. Ana gama wannan faifan Pick Withers ya ce ya gaji. Shi mutum ne mai taushin hannu, mai son kiɗan jaz, ga shi wuraren wasa sai girma suke, ƙara sai ƙaruwa take, yawo ba ya ƙarewa. Ya fita ba tare da faɗa ba. Aka kawo Terry Williams, ɗan yankin Wales, mai dukan ganga da ƙarfi, wanda ya dace da manyan filaye. Shekara biyar ke nan da kafuwa, rabin waɗanda suka kafa ta sun tafi.

Sai 1985, shekarar da komai ya fashe. Tun ƙarshen 1984 suka tafi tsibirin Montserrat a yankin Karebiyan, sutudiyon George Martin, mutumin da ya yi wa Beatles aiki, don ɗaukar Brothers in Arms. An ƙara mai piyano na biyu, Guy Fletcher. Ana cikin aikin Hal Lindes ya fita. Abin da ya sami Terry Williams kuwa ya fi wannan nauyi. Bayan ya shafe makonni yana kaɗawa, Mark da furodusa Neil Dorfsman suka ga kiɗan bai ba su abin da suke so ba. Aka ɗauko Omar Hakim, wani gwanin jaz daga Amurka, cikin ƴan kwanaki ya sake kaɗa kusan dukkan gangunan faifan, ya koma abinsa. Abin da ya rage na Williams a fili shi ne rugugin gangunan da ke buɗe Money for Nothing. Amma da aka zo bidiyo da yawon duniya, shi aka sake kira ya zauna a kujerar. Ku duba wannan hali: dare bayan dare kana kaɗa wa dubban mutane abin da aka ce hannunka bai iya ba a sutudiyo. Ya yi haƙuri ya yi, har ƙarshen yawon.

Wanda ya gaji Lindes kuma labarinsa kamar tatsuniya. Jack Sonni ma'aikaci ne a wani shagon sayar da gita a Niyok, inda ƴan gidan Knopfler ke zuwa sayayya, har abota ta ƙullu. Rana ɗaya aka ce ya zo. Daga bayan kanta sai ga shi a gaban dubban ɗaruruwan mutane.

Brothers in Arms ya sayar da fiye da kwafi miliyan 30 a duniya, kuma shi ne faifan farko da aka sayar da miliyan ɗaya nasa a CD, lokacin da CD ke sabon abu. Money for Nothing, wadda Sting ya sa murya a ciki, ta kai ta 1 a Amurka. Ranar 13 ga Yulin 1985 suka hau dandamalin Live Aid a filin Wembley, wasan da aka shirya don tara kuɗin agajin yunwar Habasha. Dattawanmu ba su manta wannan lokacin ba, don farin 1984 bai tsaya a Habasha ba, mu ma ya ci mu. Suna sauka daga dandamalin suka taka zuwa babban zauren da ke gefen filin, inda nasu wasan ke jiransu a daren. Yawon ya fara a Split, cikin tsohuwar Yugoslabiya, a watan Afrilun 1985, ya ƙare a Sidni ta Ostiraliya a Afrilun 1986, wasa sama da 240 cikin shekara guda. Ku raba wannan da kwanakin shekara ku gani ko mutum na da lokacin ganin iyalinsa.

Bayan haka Mark ya ja baya. Ya sha faɗi a hirarraki cewa nasara yana sonta, amma shahara bai ga amfaninta ba, kuma abin ya yi girman da ya fi ƙarfinsa. Sun sake haɗuwa ranar 11 ga Yunin 1988 a Wembley, a wasan cikar Nelson Mandela shekara 70, lokacin yana kurkuku. Jack Sonni bai samu zuwa ba saboda matarsa ta haifi tagwaye, sai Eric Clapton ya riƙe masa gita ta biyu. Kai, a ce Clapton ne ɗan cike gurbinka! Sonni bai sake komawa ba. Ya shiga harkar tallan kayan kiɗa, ya rasu a 2023. A watan Satumban 1988 aka sanar da cewa ƙungiyar ta watse, Williams ma ya kama gabansa.

Da a nan aka tsaya, da mun ce an tashi wasa da daɗinsa. Amma aka dawo. A 1991 suka fitar da On Every Street, kuma a nan ne siffar abin ta bayyana ƙarara. Ƴan ƙungiya na hakika huɗu ne, Mark, Illsley, Clark da Fletcher. Babu mai ganguna na dindindin. Jeff Porcaro na ƙungiyar Toto aka ɗauka haya a sutudiyo, Chris Whitten kuma ya yi yawon. A dandamali mutum tara ne, biyar daga ciki ma'aikata ne da ake biya, irin su Paul Franklin, Phil Palmer, Danny Cummings da mai busa Chris White. Gwanaye ne dukkansu, babu mai musu, kuma in ana zancen tsabtar kiɗa watakila ba a taɓa yin jerin da ya kai wannan ba. Sai dai abin da ya fara a matsayin abokai huɗu a ɗakin haya ya zama kamfani mai maigida da ƴan kwangila. Faifan ya sayu, amma bai kama ƙafar na baya ba. Yawon ya ɗauki fiye da shekara, wasa sama da 200, mutane wajen miliyan 7 suka kalla, ya kuma bar su a gajiye liƙis. Auren Mark na biyu bai daɗe ba bayan haka ya mutu. Wasan ƙarshe ya kasance a Zaragoza ta Sipaniya ranar 9 ga Oktoban 1992. A 1995 Mark ya rufe littafin ba tare da wani biki ba.

A duk wannan shige da fice mutum ɗaya ne ya tsaya tare da Mark daga ranar farko zuwa ta ƙarshe, John Illsley. Ba a cika maganarsa ba, don mai gitar bas a baya yake tsayawa. Mu dai muna ganin sirrinsa bai wuce ya gane tun da wuri wane ne mai abin ba, ya kuma yarda da hakan ba tare da ya ji an rage shi ba. David bai iya wannan ba, kuma da wuya a zarge shi, don abin da aboki zai haɗiye ba lalle ƙane ya iya haɗiye shi ba. Akwai masu cewa Mark mai kama-karya ne. Akwai masu cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma in da an bi ra'ayin kowa da ba a samu Telegraph Road ba. Duka biyun suna da gaskiyarsu, amma mu mun fi karkata ga cewa laifinsa bai kai yadda ake faɗi ba, in aka cire yadda aka yi da sunan David da kuma gangunan Williams. Waɗannan biyun da an so da an yi su cikin mutunci fiye da haka.

Tun daga nan an yi ta zuba musu kuɗi don su dawo, Mark ya ƙi. Ya koma yin faya-fayansa shi kaɗai tun daga Golden Heart a 1996, tare da Guy Fletcher wanda har yau suke aiki tare. Masu kallon ƙwallon Ingila ma suna jin kiɗansa ba su sani ba: wanda ake sawa in ƴan wasan Newcastle za su fito fili a gidansu nasa ne, daga fim ɗin Local Hero na 1983. A 1999 shi da Illsley da Clark da Fletcher sun kaɗa ƴan waƙoƙi a bikin auren Illsley, manajansu Ed Bicknell na kan ganguna. Tsofaffin ma'aikatan kuwa suka kafa nasu ƙungiyoyin suna yawo da tsofaffin waƙoƙin, akwai Dire Straits Legacy, akwai The Dire Straits Experience. Jama'a na zuwa kallo, kiɗan na fita daidai, amma kowa a zauren ya san hannun da babu.

A 2018 aka shigar da Dire Straits zauren girmama mawaƙan rok da ke Cleveland a Amurka. Sunaye shida aka zaɓa: Mark, David, Illsley, Withers, Clark da Fletcher. Terry Williams, wanda ya ɗauki yawon 1985 a kafaɗarsa, ba ya ciki. Haka Lindes da Sonni. A al'adar wurin wani babban mawaƙi ne ke fitowa ya yi jawabin gabatarwa, sannan ƙungiyar ta yi wasa. A daren nan Mark bai je ba, David bai je ba, Withers bai je ba. Babu wanda ya gabatar da su, babu wasa. Illsley ne ya hau da kansa ya gabatar da ƙungiyarsa, Clark da Fletcher na tsaye a gefensa. A ƙarshen Janairun 2024 kuma Mark ya kai gitoci da lasifikoki sama da 120 gwanjo a Landan, ciki har da wadda ya kaɗa Money for Nothing da ita. An tara fiye da fam miliyan 8, wato sama da miliyar 6 na kuɗin sefa, ya ware kashi ɗaya cikin huɗu ya ba ƙungiyoyin agaji.